Tambaya da Amsa: Jinkirin Bizar Amurka, Daga Ina Yake, Kuma Me Mai Jira Zai Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, tare da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatan wannan mujalla. Maigidana yana zaune a Amurka da katin zaman dindindin, wato girin kad, kuma ya shigar da takardun neman in koma wurinsa ni da 'ya'yanmu biyu. An amince da takardar farko, mun biya kuɗin da aka nema, mun tura takardar aure da ta haihuwa da ta shaidar 'yan sanda, har aka rubuto mana cewa takardunmu sun cika. Tun daga ranar shiru kake ji, ba a kira mu intabiyu ba. Yanzu dangi sun fara ƙananan maganganu: wasu na cewa maigidan ne bai shigar da komai ba, wasu kuma na cewa sai an nemi wanda ya san hanya an ba shi wani abu. Don Allah ka yi mini bayani. Me ke jawo wannan jinkiri, kuma gwamnatin Amurka tana yin wani abu a kai, ko kuwa jiran gawon shanu muke yi?

Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara haƙuri, ya haɗa kan iyalinku cikin alheri. Zan fara da maganar dangi, domin ita ce ta fi ciwo kuma ita ce ta fi sauƙin warwarewa. Wasiƙar da ta ce takardunku sun cika tana fitowa ne daga Cibiyar Biza ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NVC, da ke garin Portsmouth a jihar New Hampshire, kuma babu fayil ɗin da ke isa wannan cibiya sai bayan hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta amince da fom ɗin I-130 da mijin ya shigar. Wasiƙar da ke hannunki ita kanta shaida ce cewa maigidanki ya yi abin da ke kansa. Batun wanda ya san hanya kuwa ki toshe kunnenki, domin cibiyar ce ke jera ranakun ganawa bisa tsarin wanda takardunsa suka riga cika, kuma babu wani dillali a Kano ko a Legas da hannunsa ke kai wa can.

Abin da ya kamata ki gane shi ne, layi biyu kike bi a lokaci guda, kuma kowanne da abin da ke tsayar da shi. Ki ɗauki misalin gidan mai a lokacin tsada: wani lokaci akwai mai a tanki amma famfo ɗaya ke aiki, wani lokaci kuma famfunan duk suna lafiya amma an ƙayyade litar da za a sayar a rana. Ƙarancin jami'an da za su gana da mutane shi ne famfon, ƙayyade adadin biza a shekara kuma shi ne litar.

Ƙayyadewar doka ce, ba sakacin wani ma'aikaci ba. Dokar shige da fice ta 1990 ta tsara rukunonin dangi, inda adadin bizar da ake rabawa a shekara yake tsayawa a 226,000 ga duniya baki ɗaya, kuma babu ƙasar da za ta ɗauki fiye da kashi 7 cikin 100. Daga ciki, 114,200 ne aka ware wa mata da 'ya'yan masu girin kad, kuma ke da 'ya'yanki kuna cikin ɓangaren da ake kira F2A. Wannan ɓangare ya kasance a buɗe babu jira daga tsakiyar 2019 zuwa farkon 2023, sannan masu nema suka fi guraben yawa, layi ya dawo. Duk wata Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka tana fitar da sanarwar biza mai jadawali biyu: ɗaya yana nuna waɗanda aka yarda su tura takardunsu, ɗayan kuma yana nuna waɗanda za a iya ba biza. Jadawalin farko yakan yi gaba da na biyu, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa za a ce wa mace takardunta sun cika amma a ƙi kiranta, domin ranar da mijinta ya shigar da I-130 ba ta kai ga jadawali na biyu ba tukuna. Duk da haka ɓangarenku yana cikin masu sauri. Ɗan ƙasar Amurka da ya nema wa ɗan'uwansa ko 'yar'uwarsa, a shekarar 2025 an kasance a kan takardun farkon 2008 ne, wato jiran shekara 17. Majalisar dokokin Amurka kaɗai ke da ikon ƙara waɗannan lambobi, kuma tun 1990 ba ta taɓa ginshiƙinsu ba, alhali masu nema sun ninka.

Layi na biyu shi ne wanda gwamnati mai ci ke da cikakken iko a kansa, kuma a nan ne tambayarki ta ko ana yin wani abu take da amsa mai tsawo. A ranar 20 ga Maris 2020 Amurka ta dakatar da aikin biza na yau da kullum a dukkan ofisoshin jakadancinta saboda annobar korona, kuma ko da aka fara buɗewa daga Yuli na shekarar, an buɗe ne da kaɗan-kaɗan. Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, shi ne sashen da ke kula da biza da fasfo ya dogara ne kusan kacokan kan kuɗin da masu nema ke biya. Da aka rufe ƙofa kuɗin shiga ya faɗi, aka bar guraben jami'ai da dama babu kowa, kuma da duniya ta sake buɗewa sai buƙata ta dawo gaba ɗaya ta tarar da ma'aikatan sun ragu. Alƙaluman ma'aikatar sun nuna girman abin. Bizar ziyara da karatu da aiki na ɗan lokaci da aka bayar ta faɗo daga kimanin miliyan 8.7 a 2019 zuwa kimanin miliyan 2.8 a 2021. A ɓangaren masu komawa zama irinki, waɗanda takardunsu suka cika suna jiran ranar ganawa sun kasance kimanin dubu 60 a kowane wata a 2019, amma a tsakiyar 2021 sun haura dubu 500.

Adalci ne a faɗi cewa an yi ƙoƙari daga baya. An ƙara ɗaukar jami'ai, an ba iyalan ma'aikatan jakadanci da suka cancanta wasu ayyukan biza, an riƙa buɗe wasu ofisoshi ranar Asabar, an kuma sa jami'an da ke wata ƙasa su duba takardun wata ta kwamfuta. Amma matakin da ya fi tasiri shi ne yafe ganawa ido da ido. Wata dokar 2004 ta wajabta ganawa ga mai neman bizar ɗan lokaci daga shekara 14 zuwa 79, sai dai ta bar wa ministan harkokin waje damar yafewa a wasu halaye, kuma daga Disamba 2021 aka faɗaɗa amfani da wannan dama sosai. A shekarar kuɗi ta 2022 kusan rabin bizar ɗan lokaci da aka bayar, wadda ta doshi miliyan 7, an bayar da ita ne ba tare da ganawa ba. A Najeriya an dawo da sabunta biza ba tare da intabiyu ba a farkon 2022, bayan an dakatar da shi tun Mayun 2019, kuma daga 1 ga Maris 2023 aka tsawaita bizar ziyara ta 'yan Najeriya daga shekara biyu zuwa biyar, wanda ke nufin mutum ɗaya ba zai dawo layi ba sai bayan shekara biyar. A 2023 adadin bizar ɗan lokaci da aka bayar a duniya ya kai miliyan 10.4, tarin masu jiran komawa zama kuma ya sauko zuwa wajen dubu 300 a ƙarshen shekarar. Wannan ya shafe ki kai tsaye duk da cewa ba irin bizarki ba ce, domin jami'an da tagogin ganawar rabawa ake yi, kuma duk ɗan kasuwar da aka sabunta wa biza ba tare da ya zo ba, an samu lokacin da za a iya ba wata uwa da 'ya'yanta.

A 2025 akalar ta juya. A Fabrairu an rage wa'adin sabuntawa ba tare da ganawa ba daga wata 48 bayan ƙarewar biza zuwa wata 12, sannan daga Satumba aka ƙara tsuke shi har yara ƙanana da tsofaffi da aka saba yafe wa suka koma cikin masu zuwa da kansu. Daga 8 ga Yuli kuma mafi yawan bizar ɗan lokaci ta 'yan Najeriya ta koma ta wata uku da shiga sau ɗaya. Gwamnatin ta ce dalilinta tsaro ne da ramuwar irin abin da ake yi wa 'yan ƙasarta, kuma ba na musun cewa kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda zai shigo mata. Abin da nake musu shi ne a riƙa magana a kan jinkiri kamar wani abu ne da ya faɗo daga sama. A 2012 Shugaba Barack Obama ya ba da umarni cewa a gana da kashi 80 cikin 100 na masu neman bizar ɗan lokaci cikin mako uku, a 2017 kuma Shugaba Donald Trump ya soke wannan sashe na umarnin. Tsawon layi yana bin irin waɗannan shawarwari ne: idan an rage aiki ko an ƙara ma'aikata ya gajarce, idan an ƙara aiki ba a ƙara ma'aikata ba ya tsawaita. Hukumar da ta karɓi kuɗin mutum, wanda ba ta mayarwa ko an ba shi biza ko an hana shi, a ganina akwai haƙƙinsa a kanta na ta gaya masa gaskiyar lokacin da zai jira, domin a kan wannan lokaci ne ake tsara karatun yara da hayar gida da zaman aure.

Mu 'yan Arewa muna da ƙarin nauyi, tunda bizar komawa zama a Legas kaɗai ake yin ta, ofishin Abuja kuma na bizar ɗan lokaci ne. Ƙaramin ofishin jakadancin da ya taɓa kasancewa a Kaduna an rufe shi tun shekarun 1990. A 2022 an aza harsashin sabon ginin ofishin Legas a Eko Atlantic a kan dala miliyan 537, amma gini ba ya ganawa da mutane, sai an cika shi da jami'ai. Kuma kada mu ɗora komai a kan Washington mu manta da namu. Tsawon bizar da ake ba 'yan ƙasa yana bin yarjejeniya ce tsakanin gwamnatoci, kuma Ghana, wadda aka mayar da ita wata uku tare da mu a Yulin 2025, ta tattauna an dawo mata da shekara biyar kafin ƙarshen Satumba. Gwamnatinmu ta san yadda ake kwashe tarin takardu idan ta sa kanta, tunda a Satumban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sa hukumar shige da fice ta kammala fasfo fiye da dubu 200 da suka taru cikin kimanin mako uku. Irin wannan himmar ake buƙata a teburin tattaunawa.

Ga abin da ke hannunku. Maigidanki ya duba ranar da ke kan takardar amincewar I-130, ya gwada ta da jadawali na biyu na sanarwar kowane wata, a layin F2A. Idan ranarku ba ta kai ba, babu wasiƙa ko roƙon da zai sa a kira ku. Idan ta kai, to ku koma shafin da ma'aikatar ta buɗe a Afrilun 2025, wanda ke nuna watan da kowane ofishi ya kai a cikin waɗanda takardunsu suka cika, ku duba inda Legas take. Idan an wuce watanku ba a kira ku ba, nan ne ya dace ya rubuta wa NVC, ya kuma nemi ofishin ɗan majalisar yankin da yake zaune ya yi tambaya a madadinsa, aikin da suke yi kyauta. Kada ki yi gwajin lafiya kafin takardar gayyata ta zo, domin yawanci wata shida yake yi ya lalace, kuma ki kula da ranar ƙarewar fasfonki da na yaran. Idan maigidanki ya cika shekara biyar da girin kad kuma ya zama ɗan ƙasa, za ki fita daga layin ƙayyadewa gaba ɗaya, tunda matar ɗan ƙasa ba ta da iyakar adadi, sai dai a lokacin kowane yaro zai buƙaci a shigar masa da nasa I-130 daban, abin da ya kamata ku tsara tun kafin ya yi rantsuwa. Idan kuma cikin yaran akwai wanda ya doshi shekara 21, ku nemi lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka tun yanzu, domin lissafin shekarun yaro yana da nasa ƙa'idoji masu sarƙaƙiya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ɗana ya samu gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a a Amurka, an aiko masa da I-20, wato takardar da jami'a ke ba ɗalibi don neman bizar karatu, mun biya duk kuɗin da ake biya, amma ranar ganawar da ya gani ta wuce ranar fara karatu. Wani ejan ya ce in an ba shi kuɗi zai samo rana kusa, wani abokina kuma ya ce yaron ya tafi Kwatano ko Akara ya yi a can. Wanne ya fi?

Daga wani uba a Zariya.

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a karatun. Babu wanda zan ba ka shawarar bi a cikin biyun, kuma zan faɗi dalili.

Hanyar Kwatano da Akara ta yi aiki a baya, har ma'aikatar da kanta ta riƙa ƙarfafa mutane su nemi rana a duk ofishin da ke da sarari lokacin da ake fama da tarin bayan korona. Amma tun 6 ga Satumban 2025 umarnin shi ne kowa ya nema a ƙasarsa ko a ƙasar da yake zaune, kuma an yi gargaɗin cewa wanda ya nema a wani wuri zai iya fuskantar jira mai tsawo da wahalar gamsar da jami'i, kuɗinsa kuma ba za a mayar ba. Batun ejan kuwa, babu abin da yake da shi wanda ɗanka ba shi da shi, illa zama a gaban kwamfuta yana jiran wani ya soke ranarsa. Haɗarin shi ne irin waɗannan mutane sukan karɓe kalmar sirrin yaro, su cika masa fom ɗin neman biza na DS-160 da abin da suka ga dama, ko su kama rana da lambar wani fom daban. Tun 22 ga Afrilun 2025 ofisoshin Abuja da Legas suna mayar da duk wanda lambar fom ɗinsa ba ta yi daidai da wadda aka kama rana da ita ba. Abin da ya fi wannan muni, ƙaryar da aka rubuta a fom da sunan yaro shi za a kama da ita, kuma hukuncin yaudara a dokar Amurka haramcin shiga ne na har abada.

Hanyar da doka ta tanada ita ce neman ranar gaggawa. Ya fara kama ranar da ya samu ko da ta yi nisa, sannan daga cikin shafinsa ya nemi a matso da ita, ya haɗa da I-20 mai nuna ranar fara karatu, domin ɗalibin da karatunsa ya kusa farawa yana cikin waɗanda ake dubawa, tare da masu jinya da masu rasuwa. Ya rubuta gaskiya a taƙaice, kuma kada ya nema tun da sauran watanni da yawa, domin ba a cika ba da dama ta biyu ba. A lokaci guda ya rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar ya tambayi ranar ƙarshe da za su yarda ya iso, da kuma sharaɗin ɗage gurbinsa zuwa zangon Janairu, musamman idan akwai tallafin karatu a ciki. Jami'o'in sun saba da wannan, domin 'yan Najeriya fiye da dubu 20 ne ke karatu a Amurka a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, adadin da ya fi na kowace ƙasar Afirka. Rasit ɗin dala 185 na neman biza yana aiki na kwana 365 don kama rana, saboda haka ɗagewar zango ɗaya ba lallai ta cinye shi ba.

Ya kamata ka san dalilin da ya sa ranakun ɗalibai suka yi wuya a 2025. A ranar 27 ga Mayu, daidai lokacin da ɗalibai suka fi nema, ma'aikatar ta umarci ofisoshinta su daina buɗe sababbin ranakun ganawar ɗalibai, kuma ba a ci gaba ba sai 18 ga Yuni, tare da sabon sharaɗin cewa kowane ɗalibi ya buɗe shafukansa na sada zumunta kamar Facebook da Instagram don a duba. Mako uku aka rasa a tsakiyar kakar neman biza, sannan kowane fayil ya ƙara cin lokaci. Rage bizar zuwa wata uku ya ƙara matse abin ta wata fuskar da ba a cika lura da ita ba. Tun 2023 an yarda a ba ɗalibi biza har kwana 365 kafin fara karatu, don a baza masu nema a tsawon shekara, amma ba a barinsa ya shiga ƙasar sai saura kwana 30. Bizar da ke mutuwa cikin wata uku ta kashe amfanin wancan sassauci ga ɗan Najeriya, domin idan ya karɓa da wuri za ta ƙare kafin a yarda ya shiga, kuma dole kowa ya taru a watanni kaɗan na ƙarshe. Ka kuma sanar da yaron cewa wata ukun wa'adin shiga ne kawai, ba wa'adin zamansa ba, zai ci gaba da karatunsa muddin yana kan ƙa'idar makaranta. Sai dai idan ya zo hutu gida zai sake neman sabuwar biza daga farko, kuma wannan magana ce da ya kamata ku yi da mahaifiyarsa tun kafin ya tafi.

Tunda maganar ƙetare iyaka ta taso, masu karatunmu na maƙwabta su lura cewa a 2025 halin da suke ciki ya kasance daban. 'Yan Chadi da Sudan suna cikin ƙasashe 12 da sanarwar shugaban Amurka ta 4 ga Yunin 2025 ta hana shiga, sai 'yan keɓantattun rukunoni, ofishin jakadancin Khartoum kuma a rufe yake tun Afrilun 2023, yayin da na Yamai ya dakatar da aikin biza na yau da kullum a ƙarshen Yulin 2025. Duk wanda ke waɗannan ƙasashe ya karanta sanarwar ofishin da ya shafe shi kafin ya biya ko sisi.

Tambaya: Malam, na je ganawa, jami'in bai ce ya hana ni ba, ya ba ni wata takarda mai lamba 221(g) ya ce za a ƙara bincike. Watanni sun shuɗe, kuma idan na duba a intanet sai in ga an rubuta cewa an ƙi. Shin an hana ni ke nan, in sake sabon nema?

Daga wani ɗan kasuwa a Sakkwato.

Amsa: Malam, kada ka sake nema tukuna, domin sabon fom zai faɗa cikin binciken da na farko yake ciki, ka yi asarar kuɗi a banza. Tun Maris 2020 shafin bibiyar ke nuna duk fayil ɗin da ke ƙarƙashin 221(g) a matsayin wanda aka ƙi, domin a doka ƙi ne na wucin gadi, wanda jami'i zai iya juyawa idan abin da ake jira ya zo. Ya bambanta da 214(b), wadda ita ce hanawar da ake yi wa wanda jami'i bai gamsu zai dawo gida ba, kuma ita ce ke rufe fayil.

Ka sake karanta takardar da kyau. Idan an nemi wani abu daga gare ka, shekara ɗaya kake da ita ka kai shi, in ba haka ba fayil ɗin ya mutu. Ka duba imel ɗinka har da akwatin saƙonnin banza, domin wani lokaci ana aiko da ƙarin tambayoyi, fom ɗin DS-5535, mai neman tarihin tafiye-tafiye da adireshi da aiki na shekara 15 da sunayen shafukan sada zumunta na shekara biyar. Ɗan kasuwar da ya saba zirga-zirgar Dubai da Guangzhou da Jidda ya zauna da tsofaffin fasfunansa ya cika shi a tsanake, kada ya bar wata tafiya don yana ganin za ta jawo tambaya. Idan kuma ba a nemi komai ba, fayil ɗin yana hannun wasu hukumomi ne a Washington, kuma ofishin da ya gana da kai shi ma jira yake yi. Ma'aikatar ta ce kada a yi tambaya sai bayan kwana 180 daga ranar ganawa ko ranar miƙa takardar ƙarshe, sai dai in akwai gaggawa ta rashin lafiya ko rasuwa.

Wannan shi ne ɓangaren da na fi ganin gazawar gwamnati a cikinsa, domin babu wa'adi, babu bayanin dalili, babu kuma wani mataki da ake nuna wa mutum ya san ko ana taɓa fayil ɗinsa. Bincike don tsaro abu ne da kowa zai fahimta, amma sanya masa iyakar lokaci, ko aƙalla sanar da mai nema duk bayan wata biyu ko uku cewa ana kan aiki, ba zai rage tsaron kowa ba. Kotunan Amurka ba sa sake duba hukuncin jami'in biza, kuma Kotun Ƙoli ta ƙara tabbatar da haka a Yunin 2024 a shari'ar Sandra Muñoz, 'yar ƙasar da aka hana mijinta biza. Abin da ya rage shi ne ƙarar neman kotun tarayya ta tilasta wa hukuma ta yanke hukunci, ko na bayarwa ko na hanawa, kuma alƙalai sun sha bamban a kan tsawon jiran da ya isa a kira shi wuce gona da iri. Ga iyalin da aka raba shekara da shekaru wannan ƙara tana iya cancantar kuɗin lauya. Ga bizar kasuwanci da ta koma ta wata uku kawai a 2025, shawarata ita ce ka rubuta a mayar maka da fasfonka idan yana hannunsu, abin da ba ya soke neman da ka yi, ka ci gaba da sauran tafiye-tafiyenka, ka kuma aika tambaya a rubuce idan kwana 180 sun cika, da lambar fayil ɗinka da ranar da aka gana da kai.